Dalma a Rigar Nono

A shekarar 2010 ni ne mai Turancin ƙauyenmu, wani ɗan gari tsakanin Anka da Bukkuyum. Turancin ba wani na kirki ba ne. Na yi sakandare a Gummi, na fito da sakamakon da har yau ban nuna wa kowa ba, aka ɗauke ni koyar da 'yan aji biyu a firamaren garin. Amma idan takarda ta zo daga ƙaramar hukuma ni ake kira, idan an sayo maganin feshi ni ke karanta jikin kwalba. Abin da ban gane ba sai in cike da nawa. Ba a taɓa kama ni ba, don babu mai kamawa.

Lokacin zinariya ne. Ana haƙo dutse a daji, a kawo gari a buhu, a farfasa, a niƙa, a wanke garin a ga abin da zai kwanta a gindin kwano. Ni ma ban tsaya kallo ba. Nakan karɓo buhu daga ramin wani ɗan baffana, matata ta daka a turmi, mu shanya a tsakar gida inda yara ke wasa. Muna da 'ya'ya mata biyu. Babbar, mai shekara uku, ita ce mai tsince tsakuwa masu ƙyalli tana tarawa a murfin kwano. Da bazara sai yarinyar ta fara amai, sai jijjiga, kwana huɗu. Ranar Laraba muka rufe ta kafin azahar. A layinmu ba ita ce ta fari ba, ba kuma ita ce ta ƙarshe ba. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Abin da zan iya faɗa a kanta ke nan.

Bayan haka likitoci suka zo daga waje. Suka ɗebi jinin yara, suka ɗebi ƙasar tsakar gidaje, suka ce dalma ce. Tana cikin dutsen da muke dakawa, ta bi ƙura ta zauna ko'ina. Ƙaramar ɗiyata tana da wata goma sha ɗaya a lokacin, tana rarrafe, tana shan nono. An ɗebi nata jinin, aka ce mu jira a samu gado a asibitin Anka.

Mahaifiyata, Inna, a gidana take zaune. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa karɓar magana ba tare da ta juya ta ta duba gindinta ba. Ɗiyar masunta ce daga Gummi, dalmar da ta sani ita ce wadda ake ɗaurawa a bakin taru don ya nutse. Da na kawo mata labarin, sai ta ɗauki yarinyar ta ɗaga sama da hannu biyu, ta jijjiga ta kusa da kunne.

"Dalma? Wagga ɗiya ko nauyin kaza ba ta yi. Ka ce musu su sake dubawa."

Ranar wata Litinin aka tara matan gari a ajina, suka matsu a kan bencinan yara. Wata likita ce za ta yi bayani, Baturiya doguwa da rana ta saɓule wa hanci, ni kuma tafinta. Ta ɗauki alli ta zana da'ira a allo. Ta ce jikin mutum duk ɗakuna ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa, wani tantani na kitse wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Iskar da muke shaƙa tana ratsa bangon nan kai tsaye. Ruwa ma yana samun hanyarsa. Sauran abubuwa kuwa sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da baƙon da take buɗe wa. Akwai ƙofar gishiri, akwai ta sukari, akwai ta ƙarfe.

Nan na ji daɗin kaina. Na tuna malaminmu na Gummi da ya taɓa rarake dankali ya zuba gishiri a ramin, muka dawo bayan hutun tara muka tarar ruwa ya taru. Ban gane komai ba a ranar, amma ga shi yau ina juya maganar cikin Hausa kamar a gidanmu aka ƙirƙiro ta.

Inna ta ɗaga hannu kamar 'yar aji biyu.

"Tambaye ta. Ƙarhe ana so nai, dalma ce ba a so? Su biyu ba maƙera guda suke kwana ba?"

Na tambaya. Likita ta ce tambaya ce mai kyau. Inna ta ce ta sani.

Sai likita ta zana wata ƙofa ta ce wannan ta kalsiyam ce. Na taɓa jin kalmar, amma ban san Hausarta ba, kuma har yau ban tabbata tana da ita ba. Na rage murya na tambaye ta ko mene ne. Ta ce shi ne abin nan da ke cikin madara, mai gina ƙashi da haƙora. Ta ce dalma ba ta da ƙofa tata a jikin mutum, amma tana kama da kalsiyam ƙwarai, kamar ɓarawon da ya sa rigar maigida, sai ƙofa ta buɗe masa.

Na haɗa lissafina da sauri. Abin da ke cikin madara, wato nono. Ɓarawo da riga. Na gyara murya na ce:

"Dalma ba ta da ƙofa a jikin yaro. Rigar nono take sawa ta shiga."

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce:

"Malam, sabuwa ko ta gwanjo?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Matan da suka yi wata biyu suna zaman makoki, wasu sun rufe 'ya'ya biyu, suka kife a kan benci suna dukan juna. Wata ta ce shi ya sa tata ta ɓace a igiyar shanya. Wata ta ce dalmar nan dai ba ta da kunya, ta shiga gidan mutane ba zane. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, kuma tun ranar Larabar nan ban ga haƙoranta ba.

Likita ta yi murmushi ta tambaye ni me ya faru. Na ce misalinta ne ya yi musu daɗi. Ta ji daɗi ita ma, ta ci gaba. Ta ce hanjin yaro ya fi na babba zuƙar dalma. Ta ce idan cikin yaro babu komai, ko jikinsa yana ƙishin kalsiyam da ƙarfe, ƙofofin nan sai su ƙara buɗewa, duk abin da ya yi kama da baƙon da suke jira su shigar da shi. Saboda haka a ci gaba da ba yara mama, a ba su madara da abinci, a wanke musu hannu. Wannan shi ne zuciyar maganar. Ni kuwa so nake a tashi. Na dunƙule shi duka a jimla biyu, na faɗa wa allo, cikin hayaniyar da ko ni ban ji kaina ba.

Dariya ta bi mata gida. Kafin wayewar gari rigar ta faɗi a hanya, nonon ya rage. Abin da ya zaga gari shi ne: malam ya ce Baturiya ta ce dalma ta nono take shiga.

Da na dawo daga makaranta ranar Talata na tarar Inna ta sa matata ta tatsa a ludayi. A wurinmu idan ana zargin nonon mace, tururuwa ake jefawa a ciki, in ta mutu nonon mugu ne. Inna ta jefa ta fari, ta yi iyo ta fita. Ta jefa ta biyu, ita ma ta fita tana share ƙafafu.

Na ce, "To Inna, kin gani."

"Na ga mi? Tururuwan gidanga cikin dalma sunka girma. Sun saba."

Na ce ba haka likita ta ce ba. Inna ta ce ita ba ta jin Turanci, Hausa ta ji, kuma daga bakina.

"Kai kac ce rigar nono. Gaban mata arba'in. Ko wani na aika shi faɗa?"

Ta jiƙa ɓawon maɗaci ta sa matata ta shafa a ƙirji. Aka kai yarinya, ta kama, ta saki, ta dubi uwarta. Daga nan aka koma kunu. Sai daga baya na tuna geron kunun a turmin maƙwabta aka surfa shi, tun da an ce mu bar namu, kuma nasu ya daka dutse fiye da namu.

Ya kamata in hau mashin in tafi Anka a ranar in sami likita. Ban tafi ba. Na ce wa kaina ai jibi za su dawo. Gaskiyar ita ce, in na je sai na faɗa da bakina cewa na yi kuskure, kuma garin duka zai san mai Turancinsu cike gurbi yake yi. Akwai kuma wani abu: Inna ta maimaita maganar har na fara shakka. Ko dai abin da Baturiyar ta ce ke nan? Ni da ban san kalsiyam ba, me na sani?

Yarinya ta wuni tana kuka, ta ƙi kunu, in ta sha kaɗan ta mayar. Ranar Laraba kukan ya ragu, kuma ban ji daɗin raguwarsa ba. Ƙirjin matata ya kumbura har ba ta iya ɗaga tulu. Da la'asar na same ta a bayan ɗaki tana tatsewa a ƙasa, tana turbuɗe wurin da ƙafa don kada kaji su sha. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Shekara biyu cur na ba waccan. Ashe ni ce."

Na ce ba ita ba ce. Ta ce to wa? Ina da amsar, buhunan ni na ɗauko su a kan mashin ɗina, amma na tsaya ina kallon ƙasa.

Ranar Alhamis da hantsi Goggo ta iso. Bafulatana ce daga rugar da ke bayan fadama, ta fi shekara ashirin tana kawo nono garinmu, kuma ita da Inna ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Kwana biyu ke nan tana zaga gari tana komawa da ƙwaryarta a cike. Ta sauke ƙwaryar a tsakar gida, ba sallama.

"Ina malamin? Kai ne ka ce na zuba dalma a nonona?"

"Goggo, ban ce ba."

"Ruwa dai, in ka ce ruwa, sai mu zauna mu yi magana. Amma dalma? Ina na gan ta? Nawa ake sayar da ita?"

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Ke Bafillata, rage murya, muna da marar lahiya. Ba naki kaɗai ba, har na mutane an hana."

Goggo ta dubi yarinyar a kan tabarma, ta dubi gaban rigar matata da ya jiƙe. Ta daina faɗa.

"Kwana nawa?"

"Uku," in ji matata.

"Ɗan maraƙi ma ba a yi masa haka." Ta juyo kaina. "Ku Haɓe kalma guda gare ku. Na saniya nono, na mace nono, abin da ke ƙirji shi ma nono. Mu kosam, wato madara, daban, ƙirji daban. Wanne Baturiyar ta ce?"

Na ce babu ko ɗaya.

Motar likitoci tana gindin tsamiyar makaranta a ranar. Na tafi, tsofaffin biyu suna bina a baya suna gardama a kan wadda ta fi tsufa. Na faɗa wa likita abin da na ce ranar Litinin, da abin da yake nufi a Hausa, da abin da ya biyo baya. Turancina bai taɓa fita tsaf kamar ranar ba. Da na zo kan rigar, bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya. Da na zo kan kwana uku sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta tambaye ni gida nawa aka hana yara nono. Na ce ban ƙirga ba, amma ba namu kaɗai ba ne.

Aka sake tara mata kafin azahar. Babu wani tafinta sai ni, don haka ni na tsaya na ce musu na yi kuskure. Tsohuwar nan ta baya ta ce, "To dalmar ta tuɓe ke nan?" Aka ɗan yi dariya, ba kamar ta farko ba.

Wannan karon likita na faɗin jimla ina faɗin jimla. Kalsiyam na bar shi kalsiyam, na ce abu ne mai gina ƙashi, yana cikin nono kamar yadda gishiri ke cikin miya. Likita ba ta ɓoye komai ba. Ta ce uwar da ke da dalma a jini, ɗan kaɗan yana iya bin nononta, amma wanda yaro ke kwasa daga ƙasa da hannunsa ya kai baki ya fi shi nesa. Na so in tsallake rabin farko. Ban tsallake ba.

"Kun ji!" in ji Inna. "Akwai ta ciki. Mi nac ce?"

Likita ta sake bayanin ƙofofin da ke ƙara buɗewa idan jiki yana ƙishi. Na juya shi iya iyawata. Na ga fuskokin mata, maganar tana kai musu kunne tana dawowa. Sai Goggo, da ke tsaye a bakin ƙofa don ta ce ba za ta zauna a bencin yara ba, ta ce:

"Wannan ai saniya ce. Saniyar da aka hana kanwa, ba ku ga abin da take yi ba? Ƙasa take lasa. Ta tauna tsohon ƙashi, ta tauna tsumma, har leda ta haɗiye. Ba haukacewa ta yi ba, cikinta ke neman abu, duk abin da ya yi kama da shi sai ta ce shi ne. Ka ba ta kanwarta ka gani in za ta dubi leda. Ku kun hana ɗiya nono, kun ajiye ta a kan ƙasar, kuna jiran me?"

Na juya wa likita wannan da Turanci. Ta ce in tambayi Goggo a ina ta yi karatu. Goggo ta ce a gaya mata a bayan shanu, kuma har yanzu ba a biya ta nonon kwana biyu da ya lalace ba.

Inna ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce ta yi kuskure ba. Ta tashi ta gyara zane ta ce wa Goggo, "Ke dai da kin yi wanka da an ce malama ce." Ta wuce gida. Kafin in iso ta sa ruwa a wuta, ta sa matata ta wanke maɗacin da sabulu har sau uku.

Yarinya ta ƙi kamawa. Ta tuna ɗacin. Ana kai ta tana kau da kai, ba ta ma da ƙarfin kuka. Goggo ta zauna a kan turmin da aka kife, ta sa a tatsa a cokali a ɗiga mata a leɓe, a bari, a sake ɗigawa. Muka yi ta yi har inuwa ta juya. Ina tsaye a bakin zaure ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Can wajen la'asar na ji Inna ta ce, "Ja, ɗiyar banza, ja," da wata murya da ban san tana da ita ba. Na leƙa. Yarinya ta kama.

Bayan kwana biyu aka samu gado a Anka. Matata da Inna suka tafi da ita, ni ina zuwa ina dawowa, don ana kankare ƙasar gidanmu ana zuba sabuwa, kuma an ce kada yarinya ta dawo sai an gama. Maganin da ake ba ta, in ji likita, yana bin jini ne ya riƙe dalma ya fito da ita ta fitsari. Wadda ta riga ta shige ɗakuna da ƙashi kuwa a hankali take fitowa, wata ma ba ta fitowa. Inna ta ɗauki wannan da gaske. Kullum sai ta kai fo ɗin yarinya bakin taga ta karkata shi ga haske, ta dawo ta ce ita ba ta ga komai ba, ko dai maganin jabu ne.

Yarinyar tana nan da ranta. Ta yi jinkirin magana, karatu yana yi mata nauyi, kuma ba ni da hanyar sanin nawa ne na buhunan, nawa ne na kwana ukun nan. Na taɓa tambayar likita. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma na gode mata da ba ta cike mini da nata ba.

Ranar da aka sake auna jinin ina asibitin. Likita ta zo da takarda ta ce dalmar ta sauka sosai, ba ta ƙare ba, za a ci gaba da magani daga gida, amma za mu iya tafiya. Na juya wa Inna da matata, kalma bayan kalma. Matata ta sa fuska a tafin hannu. Inna ko gezau. Ta leƙa baranda ta yafito wata ma'aikaciyar jinya, Bahausa, da ke wucewa da tire.

"Ɗiyata, zo. Tambayar min wagga Baturiya mi tac ce."

Ma'aikaciyar ta ce, "Inna, ba ga ɗanki yana jin Turanci ba?"

"Shi na sani. Tambaye ta."

Ta tambaya, likita ta maimaita, ma'aikaciyar ta faɗi abin da na faɗa, ba ragi ba ƙari. Inna ta sa aka sake faɗin wurin da aka ce ba ta ƙare ba. Sannan ta sunkuya, matata ta ɗora mata yarinyar a baya, ta ɗaure zane, ta ce in ɗauko kwanuka.